Kana son koyon furogiramin da wayarka? Ni dai na ce ka fara da harshen C



Tambayar da ta fi yawa a bakin masu son shiga harkar rubuta manhaja ita ce: da wane harshe zan fara? Amsar da ake yawan ba su kuwa ita ce Python, ko JavaScript, wai su ne ake yayi, su ne ke kawo kuɗi, C kuma tsohon yayi ne, harshen kakanni. Ni ra'ayina daban. Idan da gaske kake, ba burga kake nema ba, ka ba harshen C wata uku na farko. Bayan nan ka tafi duk inda ranka ke so. Bari in kawo hujja, kai kuma ka auna.

Da farko, wannan wayar da ke hannunka yanzu, a kan C take tsaye. Wani masani mai suna Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen a Bell Labs da ke Amurka a 1972, aka kuma sake rubuta tsarin Unix da shi a 1973. A ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kacal kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi, wani ɗalibi a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya sanar da cewa yana rubuta wani tsari nasa, wanda ya zama Linux. Da C ya rubuta shi. Wannan Linux ɗin shi ne zuciyar kowace wayar Android, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung. SQLite, ma'ajiyar bayanai da ke cikin kowace Android da iPhone, da C aka yi ta. Kai, shi kansa Python ɗin da ake cewa ka gudu wurinsa, babbar manhajar da ke tafiyar da shi da C aka rubuta ta. To ina tsufan yake?

Mu mutanen ƙasar Gwandu bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, bai tsaya ga tafsiri da fiƙihu kaɗai ba, sai da ya yi manyan littattafai a kan nahawu da sarfu, saboda ya san wanda bai riƙe tushen harshe ba, haddar magana kawai zai yi, ranar da aka juya masa jimla sai ya rikice. Haka C yake a duniyar kwamfuta. Shi ne nahawun. Harsunan C++ da Java da C# da JavaScript da PHP duk daga gare shi suka ari salon rubutunsu. Wanda ya iya C, idan ya buɗe ɗayansu, zai ga fuskokin da ya sani.

Na biyu, harshen ƙarami ne. A tsarinsa na 1989, kalmominsa na asali 32 ne kacal. Abin da za ka koya a matakin farko bai wuce biyar ba: mazubi, wato wurin da kake ajiye lamba ko harafi, sharaɗi, wato idan kaza ya faru a yi kaza, maimaici, wato a yi ta yin abu har sai an cika adadi, aiki, wato tarin umarni da ka sa wa suna don ka riƙa kiransa, sai kuma jeri da manuni, waɗanda ke nuna maka inda kowane abu yake zaune a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Shi ke nan fa.

Ga misali, don gani ya kori ji. A ce kana son lissafin kuɗin buhunan shinkafa 12, mu ƙaddara kowane buhu naira 50,000:

#include <stdio.h>

int main(void) {
    int buhu = 12;
    int farashi = 50000;
    printf("Jimla: %d\n", buhu * farashi);
    return 0;
}

Layin farko yana ɗauko kayan aikin rubutu a fuskar waya. Kalmar main ita ce ƙofar shiga, daga nan kowane shirin C yake farawa. Kalmar int tana cewa wannan mazubi na cikakkiyar lamba ne, babu ɗigo. Ita kuma printf ita ke buga amsa, za ka ga 600000. Ka lura, sunayen mazuban da Hausa na sa su, buhu da farashi, na'ura ba ruwanta. Ka kuma lura da waƙafi mai ruwa a ƙarshen kowane umarni. Ka manta guda ɗaya, shirin ba zai tashi ba.

Yanzu ga inda C yake koya maka abin da wasu harsuna ke ɓoyewa. Canza 12 ɗin nan ka sa buhu 50,000, kamar kana lissafin kayan babban kamfanin casar shinkafa. Amsar gaskiya naira biliyan 2.5 ce. Amma a yawancin wayoyi da kwamfutoci abin da za ka gani shirme ne, sau da yawa ma lamba mai alamar ragi a gabanta. Me ya faru? Mazubin int girmansa bayit 4 ne, kuma iyakar abin da yake iya ɗauka shi ne 2,147,483,647. Ka zuba tiya biyu a cikin mudu ɗaya, dole ya zube. Maganin shi ne ka yi amfani da babban mazubi, long long, ka kuma mayar da %d ta zama %lld. Haka nan idan ka raba 7 da 2 alhali dukansu int ne, 3 zai ba ka, ya yar da rabin. Python zai rufa maka asiri a irin waɗannan wurare, ka wuce ba ka san akwai rami ba. C kuwa sai ya bari ka faɗa, ka fito, daga ranar ka san cewa ƙwaƙwalwar na'ura tana da iyaka. Wanda zai rubuta manhajar da ke riƙe kuɗin mutane, gara ya koyi wannan darasi a kan buhunan wasa.

Na uku, ka dubi irin aikin da ke kusa da mu. Ba kowa ne zai samu aikin kamfanin Legas ko na Turai ta intanet ba. Amma ka dubi fadamunmu da gidajenmu: famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, inbata, na'urar da ke kula da cajin batir, mitar wuta ta kati. A cikin irin waɗannan akwai 'yar ƙaramar kwamfuta, kuma galibi da C ko ɗan'uwansa C++ ake ba ta umarni. Allon Arduino Uno da ɗalibai ke gwaji da shi, ƙwaƙwalwar aikinsa kilobayit 2 ce tak. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka haka sau ɗaruruwa. A irin wannan ƙuncin wuri, mai iya tattalin kowane bayit shi ne sarki. Yaron da ya iya C, ya haɗa da ɗan ilimin lantarki, zai iya ƙera abin da zai kashe famfo idan tanki ya cika, ko ya kunna shi idan ƙasar gonar albasa ta bushe. Wannan buƙata ce ta nan gida, ba sai an je wata ƙasa ba.

To amma kada in yi maka rufa-rufa, masu sukar C suna da tasu gaskiyar. Harshen ba ya yafiya. Yana barinka ka taɓa ƙwaƙwalwar na'ura kai tsaye, kuma kuskure a nan shi ne ƙofar da ɓarayin intanet suka fi bi. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaro da yake gyarawa a manhajojinsa kowace shekara daga irin wannan matsala suke. A watan Fabrairu na 2024 fadar shugaban Amurka ta fitar da rahoto tana kira ga masu rubuta manhaja su koma ga harsunan da ke kare ƙwaƙwalwa. Shi kansa Linux ya fara karɓar harshen Rust tun ƙarshen 2022. Sannan idan burinka shafin intanet ne ko nazarin bayanai, ba da C za ka ci abinci ba.

Duk na yarda. Shi ya sa ban ce ka tare a C har abada ba, wata uku na ce. Kuma ka lura, matsalar da Rust ya zo magancewa, wanda bai taɓa ganin ta da idonsa ba ba zai gane amfanin maganin ba. Jami'ar Harvard ma, a darasinta na CS50 da David Malan ke koyarwa, wanda kowa zai iya kallo kyauta a YouTube, da C ake yin makonnin farko kafin a koma Python. Ba don ba su san Python ya fi sauƙi ba ne.

Wani zai ce, ai yanzu ChatGPT yana rubuta komai, me zai sa in wahalar da kaina? Ɗan'uwa, yana rubutawa, kuma yana kuskure, da cikakken ƙarfin hali ma kuwa. Idan ya ba ka shiri mai int a inda ya kamata a sa long long, wa zai gano? Wanda ya san tushe zai mayar da shi yaron aikensa. Wanda bai sani ba, makaho ne ya riƙe sandar da bai san mai jan ta ba.

Sai uzurin da na fi ji: ba ni da kwamfuta. Wannan uzuri ya ƙare. Idan Android kake riƙe da ita, ka sauke Cxxdroid daga Play Store. Da zarar ta sauka, tana aiki ko babu data. Ka rubuta shirin can na sama, ka danna alamar kunnawa, ka ga amsa. Idan kana son ka saba da yadda ƙwararru ke aiki, ka sauke Termux daga F-Droid, ka rubuta pkg install clang. Daga nan ka buɗe fayil da nano lissafi.c, ka rubuta shirinka ka ajiye, ka fassara shi da clang lissafi.c -o lissafi, sannan ka tashe shi da ./lissafi. Shi clang ɗin nan tafinta ne, yana juya rubutunka zuwa yaren da na'ura ke ji. Masu iPhone kuma za su iya amfani da shafin OnlineGDB a burauza, sai dai shi yana buƙatar data. Idan rubutu da babban yatsa ya gundure ka, ƙaramin kibod mai Bluetooth ko mai wayar OTG zai sauƙaƙa maka.

Ga yadda nake ganin ya kamata ka raba watannin. Wata na farko: mazubi, lissafi, sharaɗi da maimaici. Ka rubuta abin da ke lissafa ribar shago, ko kason adashe, ko makin jarrabawa. Wata na biyu: ayyuka, jeri da sarrafa kalmomi. Ka yi shirin da zai karɓi farashin kwana bakwai ya faɗa maka mafi tsada da matsakaici. Wata na uku: manuni, malloc da free, da ajiya a fayil. Nan ne mutane da yawa ke gudu, kai ka daure, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ka rufe da ɗan littafin bashi na mai shago, wanda ke ajiye suna da adadi ko an kashe waya. Minti 40 kullum ya fi awa shida ranar Lahadi kaɗai.

Sharuɗɗa biyu zan gindaya maka. Kada ka kwafa ka liƙa, ka buga kowane layi da hannunka. Sannan idan tafinta ya yi maka jan rubutu, kada ka firgita ka rufe, karanta shi. Yana faɗa maka lambar layin da matsalar take, kuma rabin ilimin a nan yake.

Ku kuma ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a Kalgo, wadda aka kafa a 2013, da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da na Kwalejin Waziri Umaru, nasihata ita ce kada ku mayar da furogiramin abin hadda don cin jarrabawa. Shirin da aka rubuta a takarda ba a taɓa tashinsa ba, kamar tuƙi ne da aka koya a allo. Ranar neman aiki ba sakamako kaɗai za a duba ba, cewa za a yi zauna ka rubuta mu gani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa da wayarsa, ku riƙa duba aikin juna. 'Yan uwa mata, har da ku nake, wannan karatu ne da za a iya yi daga cikin ɗaki.

Wanda ke sakandare a Gwandu, ko ya gama yana jiran JAMB, kai ma ba sai ka jira shiga jami'a ba. Datar da ke ƙarewa a TikTok cikin dare ɗaya ta isa ta sauke Cxxdroid. Yau ɗin nan ka sauke ta, ka buga layukan can, ka canza 12 zuwa 50,000, ka ga abin da zai fito, sannan ka gyara shi da kanka. Idan ka yi haka, ka riga ka fara.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.