Kowa Na Son Zama Mawaƙi, Wa Zai Koyi Kiɗan?

Maƙalar wannan mako za ta sosa wa wasu inda ba ya musu ƙaiƙayi, to a yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Daga Gagarawa zuwa Gumel, daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar, da wuya ka shiga majalisar samari ba ka tarar da mai cewa shi mawaƙin R&B ne ko pop ba. Ya sayar da buhun riɗi ko na zoɓo, ya hau mota zuwa Kano, ya biya mai situdiyo, an ɗora masa kiɗan da aka ɗora wa mutum goma kafin shi, na'ura ta miƙe masa muryar da ta karkace, ya dawo yana raba waƙar ta WhatsApp. Ka miƙa masa jita ka ce ya raka kansa da baiti ɗaya, sai ya fara duban sama. Wannan shi ne kayan aro, kuma Bahaushe ya ce ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke yi wa ɗan ƙalilan da suka ɗauki jita suna koyo. Yaro ya rataya ta ya wuce, sai ka ji ana "ga Bature nan", "ga ɗan iska nan". Masu wannan ba'ar su ne dai za ka gani ranar biki sun fi kowa cashewa da kiɗan fiyano. Ina tambaya: fiyanon a Gumel aka ƙera ta? Yamaha kamfanin Japan ne. Tun ƙarshen shekarun 1990, zamanin fim ɗin Sangaya, fiyano ta mamaye waƙar Hausa, ba mu ce baƙuwa ce ba. Me ya sa sai jita ce za ta zama 'yar bora?

Wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗayansa saboda abin da ya fahimta daga malamansa, ba da shi nake ba. Matsayinsa a fili yake, kuma ina girmama shi. Da mai baki biyu nake, wanda wayarsa cike take da waƙoƙi amma yake ƙyamar hannun da ke kaɗa su.

Masu cewa jita ba al'adarmu ba ce, a cikin jihar nan tamu Haɗeja ta haifi Haruna Uji, wanda gurminsa ya zaga ƙasar Hausa. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje. Muna da garaya, molo, goge da kukuma. Kaɗa tsirkiya da yatsa gadonmu ne. Masana tarihin kiɗa sun tabbatar cewa banjo ta Amurka daga irin waɗannan kayan kiɗa na Afirka ta Yamma ta samo asali, bayin da aka kwasa ne suka tafi da saninta. Jikokinsu ne suka ƙirƙiro buluz, daga nan R&B, sannan sol da ya haɗa waƙar coci da R&B a shekarun 1950 da 1960. Mafi yawan waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakan sauti biyar suke tafiya, kuma a kan waɗannan matakan biyar mai jitar buluz da sol ke gina yawancin abin da yake kaɗawa. Saboda haka kunnen da ya tashi da jin gurmi ya riga ya yi rabin tafiya.

Mu leƙa bayan iyaka kaɗan, tunda duk Alhamis 'yan Nijar suna cika kasuwar Maigatari. Mdou Moctar, Buzu daga yankin Tawa, iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, kuma ba shi da kuɗin jita. Da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da samarinmu ke rububi, kuma ta wayoyin hannu ya yaɗu. Mutum nawa suka naɗi waƙa da wannan na'ura a Sakkwato da Kano a shekarar? Ba iyaka. Shi aka ɗauka aka kai Turai da Amurka saboda yatsunsa sun iya abin da na'ura ba ta iya ba. Bombino na Agadas ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy ta 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Ali Farka Toure na Mali, da ya fara da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya, ya ci kyautar a 1995. Duk mutanen sahel ne kamarmu, rana ɗaya ke dukanmu.

To me koyon ya ƙunsa, da har ake gudunsa? Jita tsirkiya shida gare ta. Matakin farko shi ne saita su, kuma akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin wannan. Na biyu, koyon danna tsirkiyoyi uku ko huɗu lokaci guda su ba da haɗaɗɗen sauti, wanda makaɗa ke kira kod. Da guda huɗu kacal, C, G, Am da F, ana kaɗa ɗaruruwan waƙoƙin pop. Sol da R&B sukan ƙara sauti na huɗu a kan kod ɗin, shi ke kawo wannan taushin da ke ratsa zuciya. Na uku, hannun dama, kuma a nan gizo ke saƙar. A kiɗan sol ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, a sari tsirkiya a kan biyu da huɗu, a sassauta yatsun hagu nan take don sautin ya yanke. Ku saurari Steve Cropper da ya kaɗa wa Otis Redding a kamfanin Stax na Memphis, ko Jimmy Nolen na ƙungiyar James Brown. Ba yawan kaɗawa suke ba, sanin inda za a yi shiru suka ƙware a kai. Duk wanda ya taɓa lura da yadda mai kalangu ke barin gurbi ga mawaƙi zai gane nan da nan.

Makonnin farko yatsu za su yi zafi kafin su yi kanta. A nan mafi yawa ke ajiyewa. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Juma'a kaɗai. Kuma jitar katako ba ta neman wuta, ba ta neman janareta, ba ta neman data. A garuruwan da muke kwana da kwanaki ba mu ga ƙyallin lantarki ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu marubuta ma abin ya shafe mu. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya ke bambanta "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Idan aka sayo kiɗan da aka gina don Ingilishi aka cusa masa baitin Hausa, dole kalmomi su karye, shi ya sa wasu waƙoƙin sai ka saurara sau uku kafin ka gane me ake faɗa. Mawaƙin da ke riƙe da jitarsa shi ke juya kiɗa ya bi kalma, kamar yadda masu gurmi suka yi.

Ga kirana. Samari masu son waƙa, kuɗin da za ku kai situdiyo sau biyu ku haɗa ku uku ko huɗu ku sayi jita ɗaya ta hannu, ku riƙa karɓa-karɓa. Ku nemi sauran dattawan da ke kaɗa gurmi da garaya a ƙauyukanmu ku zauna gabansu tun suna raye. Ƙungiyoyinmu na marubuta kuma, idan za mu yi taron karatun waƙa, mu gayyaci mai jita ko mai gurmi ya raka mu, mu sallame shi da mutunci. Iyaye, in kun yarda ɗanku ya yi waƙa, to ku bar shi ya koyi sana'ar tun daga tushe, ku sa ido a kan abin da yake faɗa da waɗanda yake bi.

Wanda bai yarda da ni ba, fili nasa ne, amma ya zo da hujja. Allah Ya sa mu ga mako mai zuwa lafiya.