Hazo na Allah ne, hayaƙi na mutum

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa na Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe jahar Maraɗi da hazo. Mutanen Tasawa da na Mayahi sun saba da wannan tun kaka da kakanni, sun kuma san cewa lokacin ne na tari da ciwon ido da sanƙarau. Abin da kakanni ba su sani ba shi ne hayaƙin da ya hau kan ƙurar.

A Tasawa, manyan motoci masu bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram suna wucewa dare da rana. Ga ƴan kabu-kabu, ga injunan niƙa masu shan gazuwal. Da magariba sai a cinna wa juji wuta, leda da tsofaffin tayoyi su kwana suna ci. Alhali kuwa tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa dokar hana shigo da ƙananan ledoji da sayar da su. Dokar tana takarda, leda tana kasuwa.

Mafi munin hayaƙi kuwa yana cikin gida. Uwa tana tsugune gaban murhu, goyo a baya, su biyun suna shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi ajalin mutum kamar miliyan 3 da dubu 200 a duniya.

Amma talakan wannan jaha ya riga ya nuna abin da zai iya. Tun wajen 1983 manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin toho ya girma a gona, har itatuwa suka dawo a kan hekta kamar miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo a gonaki da goriba a Gulbin Kaba katanga ce gaban iska. Duk wanda aka sare don girki, asara biyu ce.

Saboda haka wajibi ne magadan gari su fitar da juji bayan gari, su hana ƙona shara cikin unguwa. Wajibi ne iskar gas da matatar Damagaram ke fitarwa tun 2011 ta kai Mayahi da farashin da talaka zai iya, a kuma yaɗa murhu mai tsimin itace. Sarakuna da limamai su faɗakar da jama'a. Ba mai iya tare hunturu, amma wutar juji hannu ne ke kunna ta.