Gangar Roba Da Kunnen 'Ya'yanmu



A watan da ya gabata wani magidanci ya kawo ƙara gaban dattijon da nake yi wa aikin rubutu a nan zangon Kumasi. Ƙarar kuwa a kan ɗan cikinsa ce, yaro ɗan shekara 14, wanda ya ce ya zama makaɗi ba da sanin kowa ba. Da an tashi daga makaranta sai ya zarce shagon gem na bakin titi, ya ba da 'yan kuɗin karinsa, ya zauna gaban talabijin yana dukan wasu faya-fayan roba da sanduna har a kira la'asar. In ya dawo gida kuma, kwano da bokiti da murfin tukunya duk sun shiga uku. Uban ya nemi a ja wa mai shagon kunne. Maigida ya saurare shi har ya gama, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, je ka gano mana abin nan tukuna." Gani ya kori ji, sai na tafi.

Abin da na tarar kayan gwanjo ne na wani wasa mai suna Rock Band, wanda kamfanin Harmonix na Amurka ya ƙirƙira, ya fito a 2007. Faya-fayai huɗu ne a kan ƙafafu, kowanne da launinsa, ja da rawaya da shuɗi da kore, sai abin takawa guda a ƙasa wanda ke madadin babbar ganga. A fuskar talabijin wata hanya ce ke gangarowa wajen mai wasa, ɗauke da alamomi masu waɗannan launuka. Duk alamar da ta iso layin ƙarshe, sai ka daki faifan da ya dace da ita a daidai wannan ƙiftawar. In ka dace maki ya hau. In ka yi ta kuskure, 'yan kallon da aka zana a cikin wasan su yi maka ihu, waƙar ta yanke.

Mutanen Japan ne suka riga shahara da irin wannan wasa. Kamfanin Konami ya fitar da DrumMania a 1999, shekarar da Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. A 2001 kuma kamfanin Namco ya fitar da Taiko no Tatsujin, wanda aka gina a kan taiko, gangar gargajiyarsu. A cikinsa jan ɗigo na nufin ka daki fuskar ganga, shuɗi kuma ka daki bakinta. Ku riƙe mini wannan, zan dawo kansa.

Na karɓi sandunan na gwada a mataki mafi sauƙi. Ban kai rabin waƙa ba aka kore ni, yara suka yi ta dariya a ɓoye saboda furfurata. Shi kuwa yaron ya zauna a mataki na ƙoli, hannun dama na nasa, na hagu na nasa, ƙafa ma na nata, ko kaɗan bai ruɗe ba. Gaskiya ɗaya ce, wasan yana koyar da abu. Yana koyar da tsayuwa a kan lokaci, da raba aikin gaɓoɓi, da haƙurin maimaita wuri ɗaya sau talatin har ya zauna. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san darajar maimaici, don haka ban iya kiran abin da na gani shirme ba.

Da izinin uban, na kai yaron wurin tsohon makaɗin kalangun da ke yi wa Maigida kiɗa ranar Sallah. Tsohon ya miƙa masa kuntuku, ƙaramar gangar da ke yi wa kalangu rakiya, ya ɗora masa kiɗa, yaro ya kama nan take bai saki ba. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Hannun nan na da kyau." Daga nan ya gyara zama, ya saƙala kalangu a hammata, ya matse tsarkiya, ya kaɗa wani gajeren abu sau uku. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, me na ce?" Yaron ya waiwayi ubansa, ya tambaye shi da harshen Twi ko gangar magana take yi. Taken kakansa aka kaɗa masa, wani fitaccen falken goro da duk zango ya sani a zamaninsa. Uban ya sunkuyar da kai. Shi ya gane taken mahaifinsa ne, amma rabin kalmomin sun ɓace masa.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Gangar roba tambaya ɗaya take yi wa mai dukanta: yaushe? Kalangu kuwa yana ƙarawa da: me ka ce? Makaɗi kan matse tsarkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ta haka yake bin hawa da saukar muryar Hausa da tsawon gaɓoɓinta har jimla ta fito. Harshenmu a kan karin sauti yake tafiya. Kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya, muryar da aka ɗora wa gaɓar ƙarshe ce ta raba su. Wanda bai sha Hausa tun yana goye ba, kunnensa ba zai tsinci magana a cikin fata da igiya ba, sai dai ya ji amo mai daɗi ya gyaɗa kai. Faifan roba kuwa, ko ka dake shi a hankali ko da ƙarfi, na'ura dai ta rubuta an daka.

Akwai kuma batun wanda ake kallo. Mai wasan gem idonsa na kan talabijin, waƙar an riga an shirya ta, in ban da 'yan gurabe kaɗan da aka bar masa ya yi son ransa, duk bugun da ya ƙara kuskure ne. Makaɗinmu idonsa na kan jama'a. Yana cikin kiɗa zai hango wani dattijo ya shigo, ya juya nan take ya ɗauki takensa, sanƙira ya fassara wa wanda bai ji ba, mai take ya ɗaga hannu ya amsa. Ya san wane ɗan wane ne, ya san gidajen da ba a haɗa takensu a zama ɗaya, ya san inda zai zuga da inda zai yi shiru. Kowace ganga ma da mutanenta: tambari na sarakuna, kalangu ya yi suna wurin mahauta da 'yan dambe, kotso shi ne abin kiɗan Narambaɗa da Ɗanƙwairo a fada. Wannan ilimin mutane ne, kuma da zama kusa da mai shi ake ɗaukarsa, kamar yadda ake ɗaukar karatu daga bakin malami.

To, laifin wa? Abu ne mai sauƙi mu ɗora wa mai shago, amma yaron nan bai ajiye kalangu ya ɗauki roba ba. Bai taɓa samun kalangun a hannunsa ba. Mu ne muka koma ɗauko mai lasifika a bikin aure da suna saboda ya fi araha kuma ya fi ƙara. Mu ne muke yi wa yara Twi da Turanci a tsakar gida, muna cewa Hausa za su tsinta a hanya. Mu ne kuma, in za a faɗi gaskiya, muke son a kaɗa taken gidanmu a bainar jama'a amma muke ƙyamar a ce ɗanmu ya zauna wurin makaɗi, wai kada ya zama maroƙi. Yaro mai kunnen kiɗa ya duba ko'ina, inda ya samu ƙofa a buɗe nan ya shiga.

Maƙwabtanmu ba su yi wannan sakacin ba. Duk wanda ya je fadar Manhyia ranar Akwasidae, bikin da ake yi duk bayan mako shida, ya ji yadda atumpan ke magana da harshen Asantawa. A ƙasar Dagomba, makaɗan lunga su ne ma'ajin tarihin sarakunansu, ɗa yana gadon uba. Waɗannan a ƙasarsu suke, suna da fada da jama'a mai yawa da ke riƙe musu. Mu 'yan tsiraru ne, in zango bai riƙe kayansa ba babu wata hukuma da za ta riƙe mana. Mutanen Japan ɗin da na ambata ma, da suka tashi yi wa yaransu wasa, gangar iyayensu suka sa a ciki, har ga shi yaran wasu ƙasashe sun san sunanta. Muna da samari a zango da suka karanci kwamfuta. Ranar da ɗayansu ya yi tunanin wasan kalangu, babban aikinsa shi ne gano yadda na'ura za ta auna matsin hammata, domin a nan maganar take.

Na san wasu 'yan'uwa za su ce kiɗan duka, na roba da na fata, barinsa ya fi. Malamai sun yi maganganu a kan kiɗa tun da daɗewa, da masu tsanantawa da masu sassautawa bisa sharuɗɗa, ni kuma ban kai matsayin ba da fatawa ba. Abin da ba saɓani a kansa shi ne lokacin salla da na karatu, da kuɗin karin da ke tafiya a banza. Wannan haƙƙin uba ne ya tsawata, kuma ya yi daidai da ya damu.

Shawarar da na kai wa Maigida ita ce a roƙi mai shagon ya riƙa sallamar yara in an kira salla, kada kuma ya karɓi mai kayan makaranta a jikinsa. Ya amince ba tare da gardama ba. Sannan a ware yammacin Asabar a ƙofar gida, tsohon makaɗi ya zauna da duk yaron da iyayensa suka yarda. Sharaɗin tsohon guda ne, da Hausa za a gaishe shi, da Hausa za a amsa masa. Yaron nan ya zo sau uku ke nan, har ya fara koyon matsa tsarkiya, ko da yake muryar na kufce masa.

Ni kuma an ɗora mini ɗaukar taken gidajen zango a waya, in rubuta kalmomin kowanne da sunan mai shi a littafi. Duk wanda ya san taken gidansu, ko na kakansa na wajen uwa, ya same ni bayan la'asar. Akwai waɗanda tsohon ke kaɗawa sarai, hannunsa bai manta ba, amma kalmomin sun kwanta masa, iyalan masu su kuma sun watse zuwa Akara da Tamale. Na bar musu shafukansu ba rubutu.