A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta Kafin Ƙura Ta Gama Da Shi



Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare mun haddace sassan kwamfuta tsaf. Ko daga barci aka tashe mu za mu faɗa cewa akwai kayan da ake taɓawa da hannu, wato allo da madannai da linzami da akwatin da ƙwaƙwalwar take ciki. Akwai kuma manhaja, wadda ba a riƙe ta a hannu, ita ce umarnin da ke sa kayan su yi aiki, irin su Windows da Microsoft Word. Mun zana su a littafi, an ba mu maki. Amma da yawanmu ba mu taɓa ɗora hannu kan linzami ba, alhali ga ɗakin kwamfuta nan a makarantarmu da ƙaton kwaɗo a ƙofa.

Idan mun tambaya sai a ce za mu lalata. Mun fahimci wannan tsoro, domin kwamfuta kuɗi ce, kuma in ta lalace malamin da ke riƙe da makulli za a tuhuma. Sai dai a ganinmu kwaɗo yana hana ɓarawo ne kawai, ba ya hana lalacewa.

Ku leƙa ta taga ku gani. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan teburan har mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa. A cikin kowane akwati akwai 'yar fanka da ke hura wa ƙwaƙwalwar iska, saboda tana ɗaukar zafi sosai in tana aiki. Idan ƙura ta toshe fankar da ƙofofin iska, ranar da aka kunna kwamfutar za ta yi zafi, ta riƙa nauyi, daga baya ta kashe kanta. Sai a ce ta mutu, a tura ta lungu, bayan kuwa buroshi mai laushi da abin hura iska kawai take buƙata. Akwai kuma wani ɗan batiri mai kama da kwabo da ke riƙe mata agogo da kwanan wata. Shi ma yana ƙarewa a hankali ko ba a kunna ta ba. Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa in aka bar shi babu caji wata da watanni, yana iya ƙin ɗaukar caji gaba ɗaya. Ga kyankyasai, ga ɓeraye masu gwiguyar waya. Abin dariya, da Turanci sunan linzamin kwamfuta ɓera ne, to yanzu ɓerayen gaske ne ke shiga ɗakin, mu muna waje.

Kula da kwamfuta bai fi ƙarfin ɗan shekara 13 ba, in dai an nuna masa. Mun karanta cewa ba a kashe ta daga soket kai tsaye, sai an ba ta umarnin rufewa ta kammala adana abubuwanta. Mun san cewa abin da kake rubutawa yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram, wadda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke, don haka dole ka riƙa adanawa a kai a kai. In wuta ta tafi a zare soket, domin wani lokaci takan dawo da ƙarfi ta ƙona kaya. Ba a shiga da ruwan leda ko gyaɗa ko rake. Ba a cusa mata kowane filash da aka kawo daga waje sai an bincika shi, don ta nan cutar kwamfuta ke yawan yaɗuwa. Ɓangaren da wuta ke shiga kuma ba namu ba ne, na mai gyara ne. Duk wannan mun iya shi a baki. Yaushe za mu iya shi a hannu?

Wasu za su ce ai babu wuta, kuma man janareta da tsada. Gaskiya ne. Amma ko matacciyar kwamfuta tana da darasi. A kwance guda ɗaya a gabanmu, a nuna mana ga ram, ga fanka, ga ma'ajiyar da ba ta mantuwa, mu riƙe mu mayar. Wannan ba ya cin ko lita ɗaya ta mai.

Abin da ya fi damun mu shi ne jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2024 WAEC ma ta fara yin haka ga masu zana ta daga waje. Shekara huɗu da 'yan watanni suka rage mana. Ɗalibi zai iya sanin amsa sarai, amma hannunsa na rawa yana neman inda kibiyar linzami ta shige, lokaci na tafiya. Wanda iyayensa ke da hali zai biya kuɗi a shago ya koya. Mu da muke nan fa? Kada a ce ai mun iya danna waya. Shafa gilashin waya daban, zama gaban madannai daban.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai shi ne a riƙa yi mana darasin kwamfuta a cikin ɗakin, ko da mutum biyar-biyar ne a kan guda ɗaya. A fitar da jadawalin kakkaɓe ƙura duk ranar Juma'a kamar yadda muke da na sharar aji, malami yana tsaye a kanmu. Masu koyon ɗinki a cikinmu za su ɗinka wa kowace kwamfuta mayafi da tsohon yadi. A ajiye littafi a bakin ƙofa, duk wanda ya zauna ya rubuta sunansa da lambar teburinsa da matsalar da ya tarar, yadda ba za a ɗora wa malami ɗaya laifin kowa ba.

Takardar sunayen masu son shiga wannan aiki tana hannun ƙungiyar 'yan jarida. A zo a rubuta a lokacin tara, domin ranar Litinin bayan taron safe za mu kai ta ofishin shugaba.