Mu Duba Sama: Turken Da Ba A Gani

Wani yaro a ajinmu nan Barnawa ya tsare mu da tambaya: tun da ko haske ba ya kuɓuta daga baƙin ramin sama, wa ya gan shi? Iyaye, in naku sun tambaya, kada ku kore su. Akuya mai kewaya wuri guda da dare, ko ba mu ga turke ba, mun san ɗaure take. Haka a 1971 masana a Ingila da Kanada suka lura da wani ƙaton tauraro yana kewaya abin da ba ya ganuwa, kowane kwana 5 da rabi da ɗoriya. Ana kiran abin Cygnus X-1. Awon 2021 ya nuna nauyinsa ya ninka na rana wajen sau 21.