Jan Hankali Ga Malamai Da Almajirai A Kan Ciwon Sukari Da Hawan Jini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai na Fagge da Sabon Gari, ku sani ciwon sukari da hawan jini, a galibi, cututtuka ne na zama. Lallaɓa su ake yi da magani da kamun baki har iyakar rayuwa, kuma wanda ya ce zai tumɓuke su da kwalba guda, lalle ya faɗi abin da ba shi da ilminsa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, mutum ya kan sha ƙwayar asibiti wata biyu, ya ji jikinsa sakayau, sai ya zo zaure a ce masa ai ya warke, ya bar ƙwaya ya riƙe rubutu. Ba mu hana addu'a ba. Amma hawan jini ba ya sallama, sau da yawa ba ciwon kai ba jiri, yana nan yana cin jijiya da ƙoda, har wata safiya a tarar ɓarin jiki ya shanye, sa'an nan a ɗora wa iska ko sammu. Ba a gane shi sai da awo. In awo ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, to, mai shi ya nufi asibitin Murtala ko wanda ya fi kusa da shi. Haka sukari, in an auna da safe kafin karin kumallo ya kai 126, aka maimaita ya tabbata. Malamin da ya sa aka ajiye magani, in ƙafa ta ruɓe aka yanke, ya shirya amsa.

Ga masu tsangaya kuwa akwai magana mai nauyi. In yaro ya kama yawan fitsari da ƙishirwa marar yankewa, yana ci yana ramewa, har tururuwa na taruwa a inda ya tsuguna, kada a doke shi a kan fitsarin kwance. A kai shi awo ran nan. Irin sukarin da ke kama yara ba shi da magani sai allurar insulin, wadda aka gano a ƙasar Kanada a 1921, kuma yaron da ya rasa ta ya kan suma ya mutu cikin kwanaki ko makonni. Amanarsa tana wuyan wanda uba ya danƙa wa.

Allurar nan zafi na lalata ta, ga shi kuwa bazarar Kano ta kan wuce ma'auni 40. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba mu yi baƙin ciki ba da hukumar NAFDAC da majalisar masu haɗa magani suka rufe shagunan magani fiye da dubu a kasuwar Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja a Fabrairun 2024, aka ce masu sari su koma Dangwauro a hanyar Zariya. Mun san 'yan kasuwa sun sha wahala, amma maganin da ya yini a rana suna kawai ya rage masa. Wanda ba shi da firji, ya rufe kwalbar da kyau ya sa a ƙaramar tukunya cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Sai mas'alar azumi, wadda ita ce tamu. Malamanmu na Malikiyya sun yi nassi cewa marar lafiya in ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa wajibi ne a kansa. Likitoci kuwa sun ce mai sukari in awonsa ya faɗo ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ya ji makyarkyata da gumi da ruɗewa, ya karya nan take, ko da ana gab da magariba. Ɗigon jinin awo ba ya ɓata azumi. Kada malami ya yanke wa mai wannan ciwo hukunci sai ya tura shi ga likita tun cikin Sha'aban, a gyara masa lokacin shan magani, ya dawo da abin da aka ce masa, sa'an nan a ba shi fatawa. Wassalamu.