Kafin Ka Kai Babur Ɗinka Gun Mai Walda

Hutun da ya wuce na koma gida Funtua na tarar ƙanina ya canza wa Boxer ɗinsa kamanni. Ya cire kan babur na asali, ya sa wani dogo mai tashi sama kamar ƙahon bijimi, irin na manyan baburan Harley-Davidson da yake gani a TikTok. Mai walda kuma ya shimfiɗa masa faffaɗan ƙarfe a wurin ɗora ƙafa. Madubi ko ɗaya babu, wai yana ɓata kwalliya.

Na karɓa na ɗana a hanyar Bakori. Da na karya kwana sai na ji totur ya ƙaru da kansa, ƙarfen ƙafar kuma ya goge kwalta. Allah ne ya kiyaye.

Ba laifin aljanu ba ne, lissafi ne. Kebur ɗin totur da na kuloci da na birkin gaba, kamfani ya auna tsawonsu ne daidai da kan da ya ƙera. In ka ɗaga kan ba ka canza kebur ba, duk juyawar da ka yi sai ya ja, ko mashin ya zabura ko birki ya kama. Faffaɗan mataki kuwa yana rage yadda babur zai kwanta a kwana, in kuma ya tokare birkin ƙafa to shi ke nan. Su waɗancan baburan na Amurka, tun daga masana'anta aka tsara su a haka.

Kada a fahimce ni a baibai, ba na adawa da gyaran babur. Duk wanda ya je kasuwar Dandume lokacin kaka, ko ya ga manoman Malumfashi da Kafur suna fito da masara da auduga daga gona, ya san babur ne jakin wannan zamani. Manomin da ya ƙarfafa kariya don ɗaukar buhu, ko ya ƙara mataki don tsohuwarsa ta zauna da kyau, buƙata ce ta sa shi. Namu na samari fa? Yawanci burga ce, a ce wane ya haɗu.

Wani zai ce: "Malam, babur nawa, kuɗi nawa, ina ruwanka?" Da ruwana, domin ba kai kaɗai ke hawa ba. Kana goya abokinka zuwa lakca, kana ratsa yara 'yan makaranta a titi.

Abin da ya fi damuna, mu ne fa 'yan Poli. A nan ake koyar da walda da kanikanci, amma mu ne kan gaba wajen miƙa babur a yanke a liƙa ba awo. In dole sai ka canza, ka sa kebur mai tsawon da ya dace. Ka juya kan dama da hagu har ƙarshe mashin yana kunne, ka saurara ko ƙararsa ta canza. Kada ka yarda da kan da aka yanke aka sake waldawa. Ka mayar da madubinka, ka nemi hular kwano.

Ƙanina dai ya mayar da kansa na asali, yana ta gunaguni. Gara gunaguninsa da in je duba shi a asibiti.